Kifin da Auta Ya Kawo

Babanmu mai walda ne, kuma mai duka ne. Gara in faɗi wannan tun da wuri, don yanzu da ya tsufa mutane na wucewa ta ƙofar gida suna cewa bawan Allah, dattijo mai kiwon kifi. In na ji haka sai in yi tsaki a raina, saboda a gidan na tashi, na san nauyin hannun nan. Hannu ne da ya saba da guduma da rodi, duk tabon tartsatsin wuta, kuma in ran Baba ya ɓaci ba ya bambance ƙarfe da mutum. Ya daki masu koyon aiki a shagonsa, ya daki direban da ya tare masa bakin shago da mota, ya taɓa bin wani da ya zage shi har cikin gidan aski ya fito da shi da kumfa a fuska. Mama kaɗai ce bai taɓa ɗaga wa hannu ba, amma kwanukanta sun sha wuya a madadinta.

Mu biyu aka haifa. Ni ce babba, sai ƙanena da kowa ke kira Auta. Ni na iya Baba, da na ga jijiyar goshinsa ta tashi sai in ɓace. Auta bai iya ba, tsayawa yake yi yana bayani, kuma babu abin da Baba ya tsana irin bayani.

Auta ya fara gemu ke nan yana koyon aiki a shago, ranar da ya yanke ƙarfen ƙofar wani mutum ba bisa awo ba. Ina tsaye a wurin, na kawo musu abincin rana. Baba ya auna, ya sake aunawa. Ya sunkuya ya ɗauki guntun rodin da aka yanke. Auta ya ɗaga hannun hagu ya kare kansa, rodin ya sauka a kai, na ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Har yau in aka karya itace kusa da ni sai in toshe kunne. An kai shi asibiti, ƙashin ya haɗe amma a karkace. Baba bai ce yi haƙuri ba, abin da ya iya shi ne ya ce wa Mama ta riƙa ƙara wa yaron nama. Ranar da aka kwance ɗorin Auta ya tattara kayansa a buhu ya bi manyan motoci, daga baya ya zama direba. Ni yake kira a waya, ba ya ko tambayar Baba. Da Mama ta rasu ya zo, ya tsaya daga nesa aka binne ta, ya juya bai taka gidan ba.

Bayan rasuwar Mama ne kifi ya shigo mana. Baba ya je kafa ƙofa a wani babban gida, ya ga tafki a tsakar gidan da waɗansu kifaye masu ja da fari da ruwan gwal, irin da ake kira koi, waɗanda ba a ci, kallo kawai ake yi. Wanda ya raka shi ya ce Baba ya tsuguna a bakin ruwan har injin walda ya huce. Da ya dawo gida ya ɗauki diga ya nufi bayan ɗaki, inda Mama ke wanki, ya dinga sara simintin kamar wanda ya kama ɓarawo. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, wata ta kira ni ta ce in zo, babanmu ya taɓu. Na zo na same shi cikin rami har ƙugu, tafin hannunsa ya fashe yana jini. Na ce, "Baba, kabari kake haƙa?" Ya ce in ba zan ɗauki shebur ba in koma gidan mijina.

Kifin farko duk sun mutu, kuma shi ya kashe su da gaggawa. A rana ɗaya ya zaga wurare uku ya sayo, ya juye su gaba ɗaya cikin sabon ruwa. Kafin mako ya zagayo sun taso ciki sama. Ya kwashe gawarwakin a bokiti ya nufi wurin wata mata da ke sayar da kifin ado a bayan masu sayar da furanni, don a wurinta ya fi saye. Na bi shi, na san abin da zai faru. Ya watsa mata bokitin a ƙafa, ya kifar da bencinta, ya yi ƙwallo da wani baho har ya tsage. Matar nan gajera ce, ba ta kai masa kafaɗa ba, tana riƙe da ragar kwasar kifi, ko gezau. Ta ce, "Malam, in ka gama fashe-fashen ka ɗaga mini bencina, ka zauna in faɗa maka yadda ka kashe su." Wallahi na rufe ido, na ce yau sai ofishin 'yan sanda. Da na buɗe, Baba na ɗaga benci.

A wurinta ya koyi sayen kifi. Ba a nuna mai kyau a ce a ba ni wancan. Tsugunawa ake yi a kalli ruwan gaba ɗaya, in akwai ko ɗaya da ya mutu ko yake tangaɗi a ciki, to a bar duka. A watsa abinci a ga wanda ya taso da zafinsa, a bar wanda ya ware kansa a lungu. Mai lafiya fukafukansa a buɗe suke, marar lafiya matse su yake a jiki kamar mai jin sanyi. A duba ido kada ya zurma, a duba ɓawo kada a ga jan tabo ko farin ƙura, a duba gefen kai inda yake numfashi kada ya riƙa bugawa da sauri. Mutumin da ba ya iya jiran shayi ya huce, sai ga shi yana wuni a tsugune yana kallon wutsiyar kifi.

Babbar dokar kuwa ita ce ta duro. Duk kyan kifi, duk inda ya fito, ba ya shiga tafki ranar da aka kawo shi. Akwai wani shuɗin duro da Baba ya yanke ya ajiye a gefe, da ɗan injin iskarsa, da ragarsa, da bokitinsa daban. Ɗakin baƙi yake kiransa. Sabon kifi a nan zai zauna wajen wata guda, ana canja masa ruwa ana kallonsa, don in da ciwon da ya ɓoye ya fito a can, kada ya shafa wa na gida. A kan dokar nan Baba ba ya da uwa ba ya da uba. Mijina, bawan Allah, ya taɓa tsoma ragar duro a tafki don ya cire ganye. Baba ya fizge ragar ya karya ta a gwiwa, ya cakumi wuyan rigarsa ya haɗa shi da bango, sai da na shiga tsakani ina ihu. Don haka kada wani ya ce mini kifi ya gyara shi. Kifin kawai yake raga wa.

A hankali tafkin ya cika da manya-manya, sun fi goma. Akwai wata fara ƙatuwa mai jan tambari a ka, ita ta fi daɗewa, Baba na kiranta Gwaggo saboda yadda take tafiya a hankali tana hura hanci. In ya sa hannu a ruwa sai ta zo ta riƙa tsotsar yatsunsa, shi kuma yana shafa bayanta yana mata magana ƙasa-ƙasa. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Hannun da bai taɓa shafa kaina ba, ga shi yana lallashin kifi.

Duk shekarun nan abu ɗaya nake nema, Auta ya dawo gida. Na yi roƙo, na yi zagi, na yi kuka a waya. Na san Baba ma abin da yake so ke nan, don ɗakin Auta yana nan yadda ya bar shi, kuma na sha kama shi yana share shi da kansa. Amma ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Wata ranar da hantsi ina bayan gida ina taya Baba wanke matatar ruwa, sai muka ji sallama. Auta ne, ya yi ƙiba, furfura ta fara masa a gemu. A hannun dama yana riƙe da makullin mota, a karkataccen hannun nan kuma wata leda mai ruwa da kifi a ciki. Ni na ba shi labarin tafkin a waya, shi kuma ya rasa da me zai shigo, sai ya tsaya ƙarƙashin gada kusa da tasha, wurin wani mai sayar da kifi a akwatunan gilashi, ya zaɓi wanda ya fi kyau a ido. Ya gaida Baba a tsaye. Ya ce, "Ga wannan, na ce ko za ka so."

Baba ya karɓi ledar ya ɗaga ta sama wajen haske. Kifin ruwan gwal ne, kyakkyawa. Amma ni da nake gefe, da ɗan abin da na tsinta a wurin Baba, na gani. Fukafukan a matse, ido ya ɗan zurma, numfashi na bugawa da sauri. In ni na gani, to Baba ya gani tun kafin ledar ta kai sama. Ya juya ya kalli duro.

Auta ya bi idonsa da kallo, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce, "Yaya ta ce baƙo a duro kake ajiye shi sai ka yarda da shi. Sa shi can mana." Yana faɗa yana juya makulli a yatsa, ƙafarsa ɗaya na fuskantar ƙofa. Ga kujera a bayansa, bai zauna ba.

Baba ya kau da kai daga duron. Sannan ya tsuguna a bakin tafki, ya kwance bakin ledar, ya juye ta da ruwanta da komai a tsakiyar su Gwaggo. Ya ce, "Wannan ɗan gida ne." Auta ya ja kujerar ya zauna, ya sa makullin a aljihu.

Da Auta ya shiga wanka na ja Baba gefe. Na ce, "Baba, kifin nan ba shi da lafiya." Ya ce, "Ai idona ya fi naki. Ki rufe mini baki, in kika faɗa masa ni da ke ne." Na ce to a cire shi yanzu a sa a duro. Ya ce in Auta ya fito ya duba bai gan shi ba fa? Haka aka bar shi a tafkin. Auta ya kwana a ɗakinsa, ya ce hutu ya ɗauka, kuma kullum da safe kafin ya karya sai ya je bakin tafki ya nemo kifinsa a cikin sauran, ya ce, "Baba, ga nawa can." Baba ya ce, "Na gan shi." Iyakar hirarsu ke nan, amma ta fi duk wadda suka yi a shekarun baya.

Na Auta ne ya fara mutuwa. Baba ya ce gajiyar hanya ce. Bayan 'yan kwanaki sauran suka fara tasowa saman ruwa suna haki, suna goga jiki a bango, fatarsu na saɓulewa. Baba ya zuba gishiri, ya canja ruwa, ya ƙara injin iska, ya raba su a bahuna, duk a banza. Wanda ya ga ya kai gargara ba ya barinsa ya wahala. Sai ya kwaso shi ya kwantar a kan siminti, ya danne da tsumma, ya ɗauki gudumar katako ya ba shi ɗaya a ka. Kullum da safe sai na ji ƙarar nan, tim, in ga jini na bin magudanar wankin Mama. Gwaggo ce ta ƙarshe. Da ya sa hannu a ruwa ta yi ƙoƙarin zuwa, tana tafe a karkace. Ya ɗauke ta da hannu biyu ya kwantar, ya ɗaga gudumar ya kuskure, ya same ta a gefe. Ta yi ta bugun siminti da wutsiya, sai da ya ƙara mata biyu. Ya jefar da gudumar ta haye katanga, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Ya ce wa Auta zafi ne ya yi yawa bana. Auta ba yaro ba ne. Ya naɗe Gwaggo a leda ya tambaye ni inda matar nan take, ni kuma bakina ya kasa ƙarya. Matar ta buɗe gefen kan kifin ta duba, ta tambaye shi ko an sa sabo a tafkin kwanan nan. Ta ce ita dai ta san mai walda, ba zai taɓa tsallake duro ba, sai dai in wani ne ya jefa masa annoba a ruwa.

Ina ƙofar gida Auta ya dawo. Bai shigo ba, ya wuce shago ya fito da rodi. Na kalli fuskarsa, fuskar Baba ce sak, har jijiyar goshin. Na ce, "Auta, ina za ka?" Ya ture ni na bugu da ƙofa. Na ruga na dinga dukan ƙofar Baba, na ce ya fito, ɗansa zai yi kisa a ƙarƙashin gada.

Kafin tasi ta sauke mu an riga an taru. Auta ya farfasa akwatunan gilashin duka, ruwa ya malale titi, ƙananan kifaye na ta tsalle a cikin fasassun gilashi, mutane na tattaka su. Mai kifin, wani siriri ne mai tari, yana ƙasa goshinsa a fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya, yana cewa shi sarowa yake yi, bai san komai ba. Kuma gaskiyarsa ce, bai san kan kifi ba ko kaɗan, abinci kawai yake nema wa 'ya'yansa. Wasu maza biyu sun gwada riƙe Auta ya watsar da su. Ya taka ƙirjin mutumin ya ɗaga rodin da hannu biyu. Mutumin ya ɗaga hannun hagu ya kare kansa.

Ban san Baba na da sauran gudu irin wannan ba. Ya kutsa ya faɗa kan mai kifin, rodin ya sauka a kafaɗarsa ta dama. Na sake jin ƙarar nan, wadda na yi shekaru ina gudu. Baba ya durƙusa a kan gilashi, hannun ya saki yana lilo. Bai yi ihu ba, sai gumi da ya karyo masa. Auta ya tsaya da rodi a hannu, bakinsa a buɗe.

Baba ya ɗago ya ce, "Bar bawan Allah. Ni na zuba shi. Tun yana cikin leda na ga ciwonsa."

Auta ya ce, "Ka gani? To me ya sa ka zuba?"

Baba ya ce, "Makulli na hannunka. Ba ka zauna ba."

Rodin ya faɗi ƙasa. Ni kuwa kuka nake ina zaginsu su biyun, uban da ɗan, na ce Allah ya isa tsakanina da zuciya irin tasu, sun ƙarar da Mama yanzu sun dawo kaina. Babu wanda ya kula ni. Auta ya ciccibi Baba ya sa a tasi, wasu suka ɗauki mai kifin.

'Yan sanda sun tsare Auta na 'yan kwanaki. An yi wa mai kifin ɗinki a goshi, aka zauna aka sasanta, Auta ya mayar masa da gilasansa ya kuma haɗa masa sabon teburin ƙarfe da hannunsa. Mutumin ya yafe, amma har yau in ya hango Auta sai ya tsallaka titi, kuma ban ga laifinsa ba. Kafaɗar Baba ta haɗe, sai dai hannun ba ya ɗaguwa sama da ƙirji. Guduma ta gagare shi, walda ta ƙare. In kuna jiran in ce sun rungumi juna sun nemi gafara, to ba ku san gidanmu ba. Har yau Baba bai ce komai a kan hannun Auta ba, Auta bai ce komai a kan kafaɗar Baba ba.

Aka zubar da ruwan tafkin, Auta ya kankare shi ya wanke da magani, aka bar shi a rana ya bushe ƙayau, sannan aka sake tara ruwa. Duk wannan lokacin mai motar da Auta ke ja yana ta kira, ni kuma kullum ina jiran in zo in tarar ɗakin ba kowa. Ranar da Baba ya iya fita muka je wurin matar nan mu uku. Ta kalli hannun wannan, ta kalli kafaɗar wancan, ta ce Allah ya shirya, ta jawo musu benci. Suka tsuguna suna kallon ruwa har na gaji na nemi inuwa. Wani ɗan ƙarami suka zaɓa, fari da ja, mai haɗama, shi ke fara cafke abinci.

Da muka dawo Auta bai jira an faɗa masa ba, ya wuce da ledar wajen duro. Ya ce, "Baba, kwana nawa zai yi a nan?"

Na buɗe baki zan ce wata guda, Baba ya harare ni. Ya ce, "Sai mun gani. Wani ciwon yana daɗewa bai fito ba. Kuma kullum sai an rage ruwa an ƙara sabo, ni ga hannu babu."

Auta ya daɗe yana kallon duron. Sannan ya ciro makullin daga aljihu ya miƙo mini, ya ce, "Yaya, in mai motar ya aiko, ki ba su."

Damina ta wuce, wata ta sake zuwa. Kifin nan ya yi ƙato, da ƙyar yake juyawa a duro, lafiyarsa ƙalau, ko makaho ya shafa ya san haka. Tafki na nan cike da ruwa, injin na aiki, babu ko kifi ɗaya a ciki. Auta ya buɗe shagon walda, ya kuma koyi duba kifi har ya fi ni, don haka ya san abin da na sani. Jiya da safe na same su a bayan gida, Auta na ɗibar ruwa da bokiti, Baba na zaune a kujera yana ba da umarni. Na ce, "Baba, don Allah ku tausaya wa kifin nan ku sake shi a tafki, wuri ya yi masa kaɗan." Baba ya leƙa duron, ya ce shi har yanzu bai gama yarda da numfashinsa ba. Auta bai ɗago ba, ya ce shi ma ya lura da haka, a ƙara masa kwana biyu.